Linjilar Baba da Rantsuwar Baffa

Ranar da Baba ya rasu, kafin a gama yi masa sutura gidanmu na Tambuwal ya cika har bakin titi. Tsakiyar bazara ce, kwanon ɗaki yana ƙara don zafi, mata suna fifita da bakin mayafi. Kowa da abin da ya ce an rasa. Tsofaffin malaman makaranta suka ce an rasa mai raba gardama. Masu gero a kasuwa suka ce an rasa mutumin da bai taɓa iya ciniki ba, sai dai ya tsaya yana tambayar daga wane ƙauye aka kawo hatsin. Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ba ta iya yin komai a hankali ba balle kuka, tana ta maimaita wa duk wadda ta zauna kusa da ita: "Ni nis san shi. Tun muna ƙanana, in kac ce mishi akuya ta haihu, sai shi ce, wa yag gani?"

Bayan an fita da shi, wata doguwar mata ta yi sallama, da ɗankwali ba mayafi. Ta durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, ta ce ita ɗalibar Malam ce. Ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato, Kirista ce, ubanta ɗan sanda ne da ya yi aiki a garinmu tun muna 'yan mata. Ta ji rasuwar da safe, ta shiga motar da ta fara samu. Ta ce, "Mama, shi ya koya mini karanta littafina." Gwaggo ta tsayar da kuka ta ƙare mata kallo, sannan ta ce, "To, ga tushen maganar nan ya iso." Inna ta jawo baƙuwar ta zaunar da ita a kan tabarmarta.

A zaure kuwa Baffa ne ke karɓar gaisuwa. Shi ne wan Baba, limamin wata unguwa a Kebbe. A bayan babur ya zo, a kan wannan hanya da ke karya ƙugun saurayi balle dattijo, kuma shi ya yi wa Baba salla. Duk gidan mun san ba mai miƙa masa ko moɗar ruwa. Tun ina budurwa Baffa ya rantse ba zai ƙara ci ko sha a gidanmu ba, har na aurar da 'yata rantsuwar tana nan. In ƙishi ya kama shi sai ya dogara sanda ya tsallaka gidan maƙwabci. Wannan ya fi komai ci wa Inna rai a kwanakin makokin: mijinta ya tafi, ga wansa a zaurenta bakinsa a bushe, ita kuma ba halin ta aika masa da komai. Ina rubuta wannan don kada jikoki su manta da Baba, amma ba a iya ba da labarinsa a tsallake wannan rantsuwa.

Baba malamin Larabci ne da addinin Musulunci a makarantar sakandare. Gidanmu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, shi ne kawai ya haɗa da boko. Wata shekara, ana saura 'yan watanni jarrabawar fita, aka yi wa malamin da ke koyar da addinin Kirista canjin wurin aiki, ba a turo wani ba. Ɗalibansa ba su kai yatsun hannu biyu ba, 'ya'yan 'yan sanda ne da na masu shagunan magani da kayan babur. Shugaban makaranta ya ce su haƙura da darasin. Baba ya ce yara sun yi shekaru suna karatu, ba a ce musu su haƙura a bakin gaɓa ba, shi zai riƙe su. Ya dawo gida da littattafai a naɗe cikin jarida. Inna ta tambaye shi ina za a ajiye su, tana riƙe da ƙunshin nesa da jikinta. Ya ce, "Ba ƙasa ba dai. Akwai sunan Allah ciki." Ya sa kafinta ya buga musu katako daban a ɗakinsa.

Da niyyar taimako ya shiga, sai abin ya kama shi. Ya tarar labarin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya zo a Linjila ta hanyoyi huɗu, kuma masana sun daɗe suna jera su kafaɗa da kafaɗa suna tambayar wace ta riga wace, wa ya ɗauko daga wa. Ga mutumin da ya tashi a kan ilimin hadisi, wannan kamar an jefa kifi a ruwa ne. Baƙuwarmu ta ce ranar farko da ya shiga ajinsu sun tsorata, sun ɗauka wa'azi zai yi musu. Sai ya raba allo gida huɗu da alli, ya sa kowa ya karanto labari guda daga kowace riwaya, ya rubuta, ya juyo ya ce, "To, mi kunka gani?" Suka ƙura wa allon ido. Ya ce, "Wagga ta fi gajarta, kuma maganarta ba ta da kwalliya. Wagga ta gyara mata lafazi. Wagga ta ƙara bayani don mutanen da ba su san al'adar ƙasar ba. Wace kuka tsammanin ta riga?" Ta ce a duk shekarun da ta yi tana zuwa coci ba wanda ya taɓa sa ta lura da haka, kuma bai rage mata imani ko ƙwayar gero ba.

A gida ma haka muka sha shi. Yakan ce mini, "Mu muna da isnadi, wane daga wane har a kai. Su masanansu ba su iske wagga sarƙa ba, sai sunka koyi yi ma maganar kanta tambaya. Wa ka magana? Da wa shika yi? Mi anka ce kafin nan, mi anka ce bayan nan?" Yana da ƙa'idoji biyu da yake ji da su. Ta farko, in kwafi biyu na tsohon rubutu suka saɓa, wanda ya fi wuyar fahimta shi ya fi kusa da asali, domin mai kwafi sassautawa yake yi, ba ya tsanantawa. Ta biyu, in mai ba da labari ya faɗi abin da ke kunyata ɓangarensa, kamar a ce manyan mabiya sun tsorata sun watse a ranar tsanani, da wuya a ce ƙirƙira ya yi, don ba mai ƙaga abin da zai zubar masa da girma. Kuma kullum yana raba abu uku: abin da littafin ya ce, abin da masu shi suka fahimta, da abin da shi ya yi imani da shi. Na ukun nasa ne, bai taɓa motsi ba, kuma bai taɓa kai shi ajin yaran nan ba.

Labari ya kai Kebbe kafin jarrabawar ta zo, kuma kafin ya isa ya yi ƙiba. Aka ce wa Baffa ƙanensa ya ajiye littattafan gidansu yana karantar da na Nasara. Baffa ya hau babur ya zo. Inna ta dama fura ta aika zaure kamar yadda ta saba. Muryoyi suka tashi, abin da ban taɓa ji ba tsakaninsu. Can sai ƙwaryar ta dawo cikin gida da faifanta a rufe, ludayin ko jiƙewa bai yi ba.

Abin dariyar, har yau ba a daidaita a kan me Baffa ya faɗa ba. Gwaggo, wadda ranar tana Jabo gidan mijinta, ta fi kowa sanin lafazin. A wajenta Baffa ya ce ba shi ba ruwan gidan nan har abada, kuma duk shekara sai rantsuwar ta ƙara tsawo, har ta kai ga ya kakkaɓe takalmansa a bakin ƙofa. Maƙwabcinmu mai shago, wanda ke zaune a zauren, ya ce sam ba a ambaci sunan Allah ba, fushi ne kawai irin na 'yan'uwa. Inna kuma, da ke tsaye bayan katanga, ta ce da kunnenta ta ji: "Wallahi ba ni ci ba ni sha gidan ga muddin littafin ga na cikinai." Baba ya mai da abin darasi. In muna cin tuwo sai ya ce, "Ga riwaya ukku. Ta Gwaggonku ta fi daɗin ji, amma ba ta nan, kuma riwayarta girma taka yi kamar kabewa. Maƙwabci shina nan, amma mai son sulhu na, ya sassauta. Ta uwarku ta fi ɗaci, kuma ita ta fi kowa son a ce ba a yi ba. Ku riƙe tata." Na ce, "Baba, ai kai aka faɗa wa, kai ka faɗa mana mana." Ya yi dariya ya ce shi mai ƙara ne, ba a karɓar shaidarsa.

Kada a ɗauka gaba suka yi. Ba su yi ba, kuma wannan ne ya sa abin ya daɗe. Baffa yana zuwa suna, yana zuwa ɗaurin aure, shi ya ɗaura nawa. In ya shigo Tambuwal ranar kasuwa sai ya biyo ya zauna a zaure su yi hirar gona da ta dangi. Baba kuma in ya je Kebbe yakan ci tuwon gidan Baffa har ya nemi ƙari, da gangan, yana santi. Littattafan dai ba su fita ba. Yaran sun ci jarrabawa, an turo sabon malami, amma Baba ya ci gaba da karatunsa, yana sa a sayo masa littattafan masana daga Jos da Zariya. Da ya yi ritaya ma sai ya kama koyon haruffan Girkanci, wai a harshen aka fara rubuta Linjila kuma fassara ba ta rasa ɓarin wani abu a hanya. Ya cika bayan kalandar gidan da su. Inna ta ce kaji sun fi shi iya wannan rubutu, kuma su ba sa sayen tabarau.

Samari masu son muƙabala sun sha zuwa wajensa, sun ji an ce akwai malamin da ya san littafin Kirista ciki da waje. Makami suke nema. Su ce, "Malam, ba mu wuraren da za mu ɗaure su da su." Sai ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa a kawo ruwa, ya ce su karanta riwaya guda daga farko har ƙarshe su dawo su gaya masa da wa marubucin yake magana. Ba wanda ya taɓa dawowa. Yakan ce, "Kada ka yi ma littafin wani abin da ba ka so a yi ma naka. In anka yanko maka rabin aya anka ce ga addininku, ka ji daɗi?" Haka kuma bai raga wa ɗaya ɓangaren ba. Akwai wani tsohon mai wa'azin coci da ke gyaran agogo a bakin tasha, sun yi shekaru suna musu a kan wace riwaya ta riga, suna shan rake, kowa yana cewa ɗan'uwansa taurin kai gare shi. Da mutumin ya kwanta ciwo, Baba ne ya nemo motar da ta mai da shi garinsu.

Ita kuwa Inna ba ta fasa ba. Duk zuwan Baffa sai ta dama fura da nono mai kyau ta aika, ta dawo a rufe, mu yara mu shanye. Shekara da shekaru haka. Wata rana Baba ya shigo bayan ya raka shi, ya zauna a bakin gado ya ce mata, "Ki bar aikawa. Duk sadda ƙwaryar ga taf fita, sai na ga fuskar Yaya ta canza. Muna sa shi ƙin abinci gaban mutane, kuma shi ba mai son wulaƙanta kowa na ba. Mu sauƙaƙa mishi." Inna ta yi kuka ranar, amma ta bi maganarsa. Daga nan in Baffa ya zo, tabarma kawai ake shimfiɗa masa.

Bayan wannan da 'yan shekaru aka yi abin da Baba ya fi jin daɗinsa a tsufansa. Wani saurayi ya tashi a majalisin Baffa a Kebbe ya karanto wata jimla daga waya, mai zafi, wai Annabi Isa ne ya ba da umarnin a hallaka maƙiyansa, wai ga abin da baƙin da ke sayar da magani a garin suke ɓoyewa. Mutane suka fara gunaguni. Baffa ya shiga gida ya kira Baba a waya. Ina wajen. Baba ya sa tabarau, ya sauko da littafin, ya duba, ya ce, "Yaya, jimlar tana nan, amma ba shi ka faɗinta da bakinai ba. Misali na shika bayarwa, labarin wani sarki, sarkin cikin labarin na ka magana. An yanke kai da ƙafafu anka kawo maka ciki." Baffa ya ce to, ya kashe waya. Muka ji daga baya cewa ya fita ya gaya wa jama'a ba haka maganar take ba, kowa ya kama gabansa. Mako guda Baba yana yawo a tsakar gida yana murmushi shi kaɗai. In an tambaye shi sai ya ce, "Yaya ya tambaye ni."

Haka ya ƙarasa rayuwarsa, cikin wadatar zuci. Yana gonarsa ta gero a hanyar Jabo, yana karatunsa da hantsi, jikoki suna hawa bayansa. Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, kuma da kalmar shahada ya cika. Ban taɓa jin ya yi nadamar riƙe yaran nan ba. Abu guda na san ya tafi da shi a zuci, shi ne wansa bai ƙara sa hannu a akushinsa ba.

A rana ta biyu ta makoki ƙanena ya shigo ɗakin Inna ransa a ɓace. Ya ce mutane suna kallo, ana ta wucewa da abinci ta gaban Baffa kamar ba a gan shi ba, kuma da azahar jiri ya ɗebe shi a hanyar gidan maƙwabci sai da aka tare shi. Ya ce a kwashe littattafan nan a ba baƙuwar Sakkwato ta tafi da su, rantsuwa ta warware, tsoho ya sha ruwa. Ni ma a raina na ga dabara ce. Inna ta ɗago kai ta ce, "Mai su bai fid da su ba shina da rai. Ba ni fid da su ƙasar kabarinai ba ta bushe ba." Ƙanena ya ce to sai Baffa ya faɗi a zaurenmu? Ta ce, "Allah shi kiyaye," ta juya fuska bango. Muryoyinsu sun ɗan tashi, kuma gidanmu ba shi da faɗin da magana za ta ɓuya wa na zaure.

Washegari bayan an yi addu'ar uku, mutane sun ragu, aka ce Baffa yana sallama zai shigo ya yi wa Inna gaisuwa. Tsakanin mace da wan mijinta akwai kunya mai nauyi, tun da aka kawo Inna gidan ba su taɓa haɗa ido ba. Ta koma bayan labule, ni na tsaya a tsakani. Bai zauna a tsakar gida ba. Ya wuce ɗakin Baba, ya zauna a kan buzunsa, katakon littattafan yana saman kansa. Ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce da ni, "Ce ma uwarki kada a taɓa littattafan ga." Na faɗa, ko da yake ta ji.

Ya ce, "Ce mata, satin da nik kira shi ga waya, satin nic ciyar da miskinai na kaffara. Rantsuwar ga ta daɗe da faɗuwa." Ya ci gaba, idonsa a kan buzu. "Ranar kasuwa niz zo, ban karya ba tun Kebbe. Niz zamna zaure har la'asar ina jiran ƙwarya. Ba ta fito ba. Nic ce wata kasuwa. Haka dai, haka dai." Na ce, "Baffa, ai da ka yi magana." Ya dube ni kamar na faɗi abin da ba shi da kai. "In ce mi? Ni da nir rantse gaban mutane, in buɗe baki in roƙi ruwa gidan ƙanena? Na ɗauka an yi fushi da ni, kuma an yi daidai."

Na so in gaya masa Baba ne ya hana, don ya sauƙaƙa masa. Kafin in faɗa, ta bayan labule na ji motsin Inna, sai ga ta ta fito ta wuce madafa, mai takaba, ba ta kira kowa ba. Gwaggo ta miƙe za ta karɓa, Inna ta ce, "Bari." Muna jin ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Ta kawo da kanta har bakin ƙofa, ta durƙusa, ta miƙo mini, na ajiye a gabansa na buɗe faifan.

Baffa ya yi bisimilla. Bai ɗauki ludayin ba, ya tallabi ƙwaryar da hannu biyu ya kafa kai. Furar tana zuba a gemunsa, bai sauke ba sai da ya ga ƙasanta. Ya ajiye, ya share baki da bakin rawani, ya ɗaga hannu. Sannan ya ce:

"Allah Ka gafarta ma ƙanena. Ya fi ni ilimi, ya fi ni haƙuri. Ka shayar da shi ga tafkin Annabi, shan da babu ƙishi bayanai."

Daga bakin ƙofa, kanta a sunkuye, Inna ta ce amin.